Giram Nawa Ne? Zoben Daimon Ya Iso Zariya a Makare

Motar da ta taso daga Kaduna za ta Kano, da wadda za ta karkata ta bi ta Samaru da Giwa zuwa Funtua da Gusau har Sakkwato, duk sai sun gaisa da gadar Kwangila ta Zariya. Shi ya sa kasuwa ba ta mutuwa a gindin gadar. 'Yan kamasho na ƙwala kiran fasinja, masu rake da masu tsire na gefe, ga 'yan koli da allunansu na tabarau da agogo da 'yan kunne. A tarkacen ɗan koli ba a rasa wani siririn zobe mai farin dutse guda a ka, mai walƙiya in rana ta doke shi. Kuɗinsa bai kai na mudun shinkafa ba, kuma tsakanin mai sayarwa da mai saye babu rufa-rufa: gilashi ne, in ya sha ruwan wanke-wanke na wata guda zai koɗe.

Zoben daimon ɗin da aka kwaikwaya aka yi shi kuwa yana cikin wayoyin 'yan matan da ke sauka a nan su hau Keke zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, ko su gangara Kongo da Tudun Wada. Suna ganinsa a Instagram da TikTok. Saurayi ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya buɗe ɗan akwati, budurwa ta toshe baki da hannu, kyamara ta sauka kan yatsa. Daga Legas da Abuja abin ya hauro, ya shiga hotunan kafin biki da dinar 'ya'yan masu hali. Sai dai zoben daimon ya iso Arewa ne a daidai lokacin da darajarsa ke zubewa a ƙasashen da suka raine shi.

Mutane da yawa sun ɗauka ba da zoben daimon al'adar Turawa ce ta kaka da kakanni, alhali bai cika shekara 100 da zama ruwan dare ba. Wajen 1870 aka tono daimon mai ɗimbin yawa a yankin Kimberley na Afirka ta Kudu, yawan da ya firgita masu ramukan kansu, tunda abin da ya yi yawa ba ya tsada. A 1888 Cecil Rhodes ya haɗe ramukan a ƙarƙashin kamfani ɗaya, De Beers, wanda ya shafe mafi yawan ƙarni na 20 yana riƙe da kashi 80 cikin 100 ko fiye na ɗanyen daimon ɗin duniya. Dabarar ita ce a kulle kaya a rumbu, a riƙa sakinsu kaɗan-kaɗan, kamar yadda manyan 'yan hatsi na Dawanau ke yi da masara kafin bazara.

Riƙe kaya bai wadatar ba, sai an samo masu so. A 1938, bayan karayar tattalin arziki ta durƙusar da ciniki, kamfanin ya ɗauki masu talla na N.W. Ayer a Amurka haya. Suka sa zobba a yatsun taurarin fim, suka aika masu lacca makarantun 'yan mata, suka cika mujallu da labarin wace ta samu wane dutse. A 1947 wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, wadda ita kanta ba ta taɓa aure ba, ta rubuta taken da ke cewa daimon na har abada ne. Taken yana da fuska biyu. Yana yi wa masoya daɗin baki, yana kuma hana mace tunanin kai zobenta kasuwa, inda za ta gano abin da zai ɓata mata rai. Tallan kuma ya yanke wa saurayi farashi: albashin wata ɗaya, sannan aka ɗaga zuwa na wata biyu. A Japan, inda a 1967 amaren da ke samun zoben daimon ba su kai 5 cikin 100 ba, zuwa 1981 sun kai kusan 60 cikin 100, kuma can albashin wata uku aka ce.

Wannan gini ne inji ya zo ya girgiza. Daimon gawayi ne tsantsa, wato sinadarin kabon, wanda zafi da nauyin ƙasa suka matse a zurfin kilomita 150 ko fiye shekaru biliyan ɗaya zuwa uku da suka wuce. A ƙarshen 1954 masu bincike na kamfanin General Electric a Amurka suka yi nasarar ƙera shi, amma shekaru da dama ƙananan tsakuwoyi ne kawai ake samu, na bakin zarto da injin haƙar rijiya. Yanzu hanyoyi biyu ake bi. Ko a sa ƙwayar daimon a injin matsa mai tsananin zafi, ko a ajiye ta a tukunyar da aka cika da iskar gas mai kabon, kabon ɗin ya riƙa kwanciya a kanta shimfiɗa bisa shimfiɗa. Cikin 'yan makonni an samu dutsen da za a feƙe. Lardin Henan na Sin da birnin Surat na Indiya su ne manyan cibiyoyin wannan sana'a, kuma Surat ɗin nan ita ce dama ke feƙe kusan 9 cikin kowane daimon 10 na duniya.

A kula, wannan dutse ba ɗan'uwan zoben ɗan kolin Kwangila ba ne. Daimon ne na gaske, tauri ɗaya, walƙiya ɗaya, sinadari ɗaya. Ɗan alƙalamin gwajin da masu shagon ado ke dangwalawa a kan dutse ya yi ƙara, zafi kawai yake aunawa, don haka ba ya bambance na rami da na inji, har ma wani dutse mai araha da ake kira moissanite kan ruɗe shi. Sai an kai ga manyan na'urori, ko a duba 'yar lambar da ake zanawa da leza a gefen dutsen, wadda ido ba ya gani sai da madubi. A 2018 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta amince cewa na inji ma daimon ne, muddin an gaya wa mai saye asalinsa.

A shekarar ce De Beers ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Ya buɗe nasa reshen na daimon ɗin inji, Lightbox, yana sayar da karat ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram, a kan dala 800. Manufar ita ce a nuna wa duniya cewa wannan kayan kwalliyar yara ne, na rami kuma na aure. Farashin ya faɗi kamar yadda aka so, har ya zarce, amma masu aure suka bi shi. Kamfanin kayan ado na Pandora ya daina amfani da na rami a 2021. A Yunin 2023 Firaministan Indiya Narendra Modi ya kai wa uwargidan shugaban Amurka, Jill Biden, tsarabar daimon ɗin inji mai karat 7.5. Zuwa 2024 binciken The Knot, masu bin diddigin bukukuwan aure a Amurka, ya nuna fiye da rabin zobban baiko a can na inji ne. A Mayun 2025 De Beers ya sanar da rufe Lightbox, yana mai cewa farashin sari na irin wannan dutse ya faɗi da kashi 90 cikin 100.

To, ina amfanin babban dutse a yatsa in kowa na iya sa irinsa? A da girman dutse shi ke faɗin nauyin aljihun ango. Yau malamar firamare a Amurka na iya sa karat uku, ta zauna kusa da matar attajiri mai karat ɗaya na rami, ba wanda zai gane wace ce wace sai an fito da takarda.

A gidan bikin Bahaushe ba a taɓa ba zobe wannan muƙami ba. Alkawarin aure a nan magana ce ta manya. Akwai kuɗin na-gani-ina-so, akwai gaisuwar iyaye, akwai baiko da sa rana, inda ake raba goro da alawa gida-gida don unguwa ta shaida an yi wa yarinya miji. Malamai da dama ba sa son saurayi ya kama hannun wadda bai aura ba da sunan sa zobe, namiji Musulmi kuma ba ya sa gwal, sai azurfa. Hausawa Kiristoci na Wusasa, da maƙwabtansu na cocin Sabon Gari, sun daɗe da sanin zoben ɗaurin aure, amma shi ma galibi zobe ne sumul marar dutse. Wurin da ake auna ango a Zariya shi ne ranar kawo lefe.

Duk wanda ya taɓa leƙa tsakar gida ranar ya san yadda ake yi. Dangin ango mata su jere akwatuna a tabarma, gwaggonni da innonin amarya su zagaye su. A ƙirga turamen atamfa, a shafa leshi, a ɗaga shadda a duba ta a haske, a leƙa takalma da jakunkuna. Sai an zo kan ƙaramin akwati hira ke tsayawa. Wata dattijuwa ta ɗora sarƙa a tafin hannu, ta ɗan jijjiga don ta ji nauyi. Tambayoyin ba sa canzawa: "Gwal ne ko fashan?" "Na Dubai ne ko na Saudiyya?" "Giram nawa?" Wata mai ƙarfin hali ta ƙara da "Akwai rasit?" Kafin magariba amsar ta zaga dangi, yanzu ma har da hoto a WhatsApp.

Ana yawan yi wa wannan al'ada kallon son abin duniya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Amma tambayar giram tambaya ce ta mai lissafi. Dattijuwar tana son sanin abin da 'yarsu za ta riƙe a hannu ranar da rana ta ɓaci. Gwal ɗin mace nata ne, ba na miji ba, ba na uba ba. Da shi ake biyan kuɗin tiyata a asibitin koyarwa na Shika, da shi ake cike kuɗin makarantar yaro ko a ja jarin saƙa da ɗinki, da shi ake sayen fili a bayan gari. In aure ya mutu, yana cikin ɗan abin da ke bin ta gida. Ta shiga wurin 'yan gwal a Sabon Gari ko Kasuwar Rimi ta Kano da safe, a goga sarƙar a dutsen gwaji, a ɗiga ruwan asid a ga ko karat 18 ce ko 21 ko 22, a ɗora a sikeli, a buga da farashin ranar, kafin azahar kuɗi sun shigo waya. Za ta yi asarar kuɗin ƙira, shi ke nan.

Akwai wani abu da 'yan gwal ke yi wanda ya isa ya sa mai sha'awar daimon ya yi tunani. In aka kawo musu sarƙa ko zobe mai duwatsu, sai sun cire nauyin duwatsun kafin su yi kuɗi. A wannan kasuwa dutse tarkace ne. Ko a Landan da New York, wanda ya mayar da daimon ɗin rami shago da wuya ya karɓi rabin abin da ya biya, na inji kuma sau da yawa ba a ma taya shi. Balle a Tudun Wada.

Shekarun nan sun gaskata gwaggonni. A farkon 2023 oza ɗaya na gwal, wato giram 31 da ɗoriya, yana wajen dala 1,900, dala kuma tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage. Giram ɗaya na tsantsar gwal bai kai naira 50,000 ba ke nan. A Yunin shekarar aka saki naira ta nemi farashinta, ta zarce 1,500 a 2024. Gwal kuma ya haye dala 3,000 a Maris na 2025, ya haye 4,000 a Oktoba. In aka buga lissafi, a lokacin giram ɗin ya doshi naira 190,000, kusan ninki huɗu. A tsakanin nan kujerar Hajji da ba ta kai miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Matar da ta adana kuɗin kujerarta a banki ta ga Makka ta yi mata nisa, wadda ta adana shi a wuya kuwa har da canji. A daidai wannan lokaci farashin daimon, na rami da na inji, ƙasa yake yi.

Addini ma da gwal yake awo. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, dinari kuma giram 4.25 ne, don haka rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya. Nisabin zakka dinari 20 ne, giram 85. Shi ya sa duk tashin da gwal ya yi a kasuwar Landan sai an ji shi a bakin liman ranar ɗaurin aure. A ƙarshen 2025 rubu'in dinari ya kai wajen naira 200,000, alhali a auren gata da gwamnatin Kano ta yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023 sadakin kowace amarya naira 50,000 ne. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, in ya bi ƙa'idar De Beers ta wata biyu, abin da zai tara bai sayi giram ɗaya na tsantsar gwal ba.

Nan ne gizo ke saƙa. Da gwal ya fi ƙarfin talaka da ma mai matsakaicin hali, sai kasuwar kama-da-wane ta buɗe. Ga GL da sauran sarƙoƙin da aka yi wa wankan gwal, masu ɗaukar ido a hoto kamar na gaske. Ga aron gwal, sirrin da kowa ya sani: a karɓo sarƙar yayar ango a sa a lefe don fita kunya, bayan biki a lallaɓa a mayar, wani lokaci da sanin amarya, wani lokaci kuwa sai rigima ta tashi. Wasu iyalai sun fara cewa a kawo kuɗin lefe kawai, yarinya ta sayi abin da take so. Wasu kuma, musamman a gidajen malamai, sun yafe shi gaba ɗaya.

Matan Hausa sun sha ganin abin alfahari ya zama gama-gari, kuma sun san yadda ake yi da shi. A ɗakin amaryar da, ƙore ne ake jerawa, masu sassaƙa da zane. Tasoshin tagulla suka ture su. Sai kwanonin sha da langa masu fenti suka shigo daga Turai, aka riƙa jera su har rufin ɗaki, yawansu shi ne arzikin uwar amarya. Da masana'antun cikin gida suka fara buga su, kowa ya samu, sai aka koma tangaran da gilashi a cikin kabad, yau kuma ana zancen kicin na zamani da firji da injin wanki. Atamfa ma haka. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan, wanda ya faro tun 1846, shi ke yin Super ɗin da ake taƙama da ita a lefe. Masaƙun Kaduna sun yi zamaninsu suka durƙushe, 'yan Sin suka cika Kantin Kwari da kwafin da sai an duba bakin zane da lambarsa kafin a gane. Super ba ta mutu ba, amma ta koma abin da masu ido kaɗai ke ganewa, sauran jama'a kuma suka sa kwafinsu suka yi kyau abinsu. Abin da ke faruwa da daimon a Amurka ke nan, bambancin kawai shi ne kwafin nasa ba kwafi ba ne.

Masu tallar daimon ɗin inji suna da wata hujja, ta tsabtar hannu. Yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002 da na Angola da daimon aka ci da su, abin da ya haifar da yarjejeniyar Kimberley ta 2003 don toshe kasuwar daimon ɗin jini. Kafin mai gwal ya yi murmushi, ya tuna inda hanyar Funtua ke kaiwa. A 2010 gubar dalma daga dutsen gwal da ake daka shi a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙarsa da 'yan bindiga, ba a ɗage haramcin ba sai Disamban 2024. Birnin Gwari, a nan jihar Kaduna, labarin bai bambanta sosai ba. Da yawan wannan gwal ta ɓarauniyar hanya yake fita zuwa Dubai, a narka shi a ƙera, ya dawo a akwatin 'yan kasuwa da sunan na Dubai. Ba a taɓa jin an tambayi ramin da sarƙa ta fito ranar lefe ba.

Wanda ya fi jin jiki a rikicin daimon kuwa ɗan Afirka ne. Botswana ta gina makarantu da asibitoci da tituna da kuɗin ramukan Jwaneng da Orapa, tana da kashi 15 cikin 100 na De Beers, daimon kuma shi ne kusan kashi 80 na abin da take fitarwa waje. Da ciniki ya tsaya, tattalin arzikinta ya ragu a 2024, kuma a zaɓen ƙarshen shekarar jam'iyyar da ta yi shekara 58 tana mulki ta sha kaye a hannun Duma Boko. A Agustan 2025 ƙasar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya saboda ƙarancin magani. Kamfanin Anglo American, mai sauran kashi 85, tun Mayun 2024 ya sa De Beers a kasuwa.

Masu ramuka ba su miƙa wuya ba, sun koma kan makamin da ya yi musu aiki a 1938. A Yunin 2025 ƙasashen Afirka masu haƙar daimon, ciki har da Angola da Botswana, suka sa hannu a Luwanda cewa za su ware kashi 1 cikin 100 na cinikin ɗanyen dutse don talla. Saƙon yanzu shi ne asali: wannan daga cikin ƙasa ya fito, wancan daga inji. Cibiyar tantance duwatsu ta GIA ma ta daina auna na inji da ma'aunin da take auna na rami, ta raba shi aji biyu kawai. Sannan an karkata akala zuwa sababbin kasuwanni. A 2024 De Beers ya ƙulla ƙawance da Tanishq, babban kamfanin kayan ado na Indiya, ƙasar da ta riga ta sha gaban Sin a sayen daimon, ta zama ta biyu bayan Amurka. Zaɓen Indiya abin lura ne, domin matan can ma gwal suke tarawa, su ma da giram suke tambaya, su ma iyayensu mata sun san hanyar shagon mai sikeli. In tallan ya ci Indiya, Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 da bukukuwan da ba sa ƙarewa ba za ta tsira daga idonsu ba.

A yanzu dai, a bukukuwan masu kuɗi na Arewa, zoben daimon ƙari ne a kan lefe, bai maye gurbin komai ba. Ango ya ba da zobe don hoto, dangi kuma su jira sarƙa da 'yan kunne da warwaro a akwati. Nauyi biyu ke nan a kan saurayi ɗaya, kuma masu sayarwa a Instagram sun gane haka, shi ya sa mafi yawan abin da suke turowa daga Dubai da Sin moissanite ne da daimon ɗin inji a kan azurfa ko siririn gwal, a farashin da ma'aikacin banki ko ƙaramin ɗan kasuwa zai iya biya bayan ya gama da akwatuna.